Ranar Da Gafiya Ta Hau Da Ni Kan Tebur

Na yi shekaru masu yawa ina koyarwa, na manta fuskokin ɗalibai bila adadin, amma akwai wata ranar Talata da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in na tuna ta sai haushi ya taso mini sabo fil.

A farkon shekarun casa'in ne. Ban cika shekara da kama aiki ba a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Kurmin Mashi, ina koyar da ilimin halittu. Ba za a tabbatar da ni a aiki ba sai sufeto ya zo daga ma'aikatar ilimi ya ga koyarwata ya rubuta rahoto. Shugabar makarantarmu, wata Hajiya mai zafin gaske, ta kira ni ofis ta ce, "Ranar Talata zai zo. Don Allah kada ki ba ni kunya."

Darasin makon a kan dangin ɓera ne, wato dabbobin nan da haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro, shi ya sa kullum suke cikin gwaguyar abu. Don in burge baƙo, ranar Juma'a na ce wa 'yan aji huɗu kowa ya zo da samfurin dabba ɗaya daga cikin dangin. Ni a raina hoto nake nufi, ko zane, ko abin da aka yanko daga tsohuwar jarida. Sai dai ban faɗa ba. Na ɗauka duk mai hankali ya gane.

Da safiyar Talata tun daga baranda wari ya tare ni. Ina shiga aji na ga kwalaye da bokitai a jere kan benci, wasu har motsi suke. Wata 'yar unguwar Doka ta zo da ɓerayen Masar biyu a kwando suna cin ciyawa hankali kwance. Wani ya kawo kurege a kejin waya. Wata kuma babanta direba ne a tashar Kawo, ya samo mata gyauji, maɓarnacin raken nan, a hanyar ƙauye, an ɗaure shi cikin buhu. Ga jaɓa a gwangwani, ita ce mai warin. A can ƙarshen aji akwai wani babban kwali da aka ɗora wa dutse.

Na ce, "Wa ya ce ku kawo mini su da rai?"

Suka haɗa baki, "Malama, ai ke kika ce samfur."

"Wancan kwalin fa?"

Mai shi ya miƙe yana washe baki. "Gafiya ce, Malama. Kwana biyu muna haƙa raminta."

Na buɗe baki ke nan zan ce a fita da su, sai ga Hajiya a bakin ƙofa tare da sufeto, wani dattijo Basakkwace mai tabarau da babbar riga. Hajiya ta kalli bokitai, ta kalle ni. Nan na san na shiga uku. Ta juya ta tafi, shi kuma ya nemi kujera ya zauna a baya.

Haka na daure na fara. Na rubuta a allo: ɓera, gafiya, kurege, gyauji, beguwa, jaɓa, zomo. Ina cikin bayanin yadda haƙoransu ke huda katako, ashe baiwar Allah tana can tana huda kwali. Ihu kawai na ji. Gafiya ta fito, ƙatuwa kamar mage, ta bi ta ƙarƙashin benci. 'Yan mata suka haye kujeru, maza suka bi ta da takalma, wani ya yi tuntuɓe da gwangwanin jaɓa ya kife. Gafiyar ta miƙo sosai inda nake. Ban san lokacin da na tattare zanina na haye tebur ba, alli a hannu.

Na ɗauka sufeto zai tashi ya fice. Ina! Dariya yake har da share hawaye. Ya zo ya karɓi allin daga hannuna ya ce, "Ɗiyata, zamna nan bisa, kada ki sauko." Ashe shi ma ilimin halittun ya karanta. Ya shiga ba yara labarin dangin ɓera na duniya. Wai a Kudancin Amurka akwai wani mai girman tunkiya da ke zama a bakin ruwa. Wai a ƙasashen sanyi akwai mai sare bishiya da haƙori ya datse rafi ya gina gidansa. Akwai na hamada mai dogayen ƙafafu da ke tsalle, akwai kuregen da ke buɗe fatar jikinsa ya sulalo daga wannan bishiya zuwa waccan. Yara suka saki baki suna kallonsa. Ni kuwa ina tsugune kan tebur, wari ya cika aji, gafiya na wani lungu ban san inda take ba, mutum yana ta zagaya duniya da mu. Wallahi ji na yi kamar in fashe.

Da ya gama sai ya juya ga allo, ya goge jaɓa, ya goge zomo. Ya ce, "Malama, waɗanga biyu ba dangin kusu ba na. Jaɓa ƙwari taka ci, haƙoranta masu tsini na. Zomo kau danginai daban." A gaban ɗalibaina! Gara hawan tebur sau goma da wannan.

Gafiyar nan ba a kama ta ba ranar. Ta shige ɗakin ajiyar littattafai ta yi kusan wata guda, ta cinye taswira da rijistar aji biyu kafin maigadi ya same ta da tarko. Duk safiya sai Hajiya ta aiko a kira ni ta nuna mini sabuwar ɓarna, ta ce, "Ga aikin baƙuwarki." Yara kuwa suka laƙaba mini Malama mai ɓeraye, sunan da ya bi ni har na bar makarantar.

Da rahoto ya iso, an tabbatar da ni. Dattijon ya yaba da cewa na kawo wa ɗalibai abin da za su gani da ido, yabon da ban cancanta ba. A ƙasa kuma ya ƙara layi ɗaya, cewa in ƙara karatu. Wannan layin ya fi komai ci mini rai, domin gaskiya ya faɗa. Na ga jaɓa ta yi kama da ɓera, na jefa ta cikinsu ban duba littafi ba.

Abin da na koya shi ne, mai tsayawa gaban yara ba ya magana da ka. Tun daga ranar ban sake rubuta abu a allo ba sai na bincika, kuma ban sake ba da aikin gida ba sai na tsayar da ɗalibi ɗaya na ce, "Maimaita mini, me na ce ku kawo?"