Kakata da Zama a Kan Rimot

Yau shekara uku ke nan da rasuwar kakata, Hajiya Ige, wadda duk Wurno ba a taɓa yin wanda ya kai ta iya zama a kan rimot ba. Allah ya jiƙanta. Ni ne jikan da take kira angonta, kuma ni na fi kowa shan wahalar wannan zama nata.

Abin ya faro ne wata rana bayan magariba. An fito da talabijin tsakar gida, ana nuna fim ɗin yaƙi. Kaka ta idar da salla ta zo ta zauna a tabarma, ba ta san rimot na ƙarƙashinta ba. Ƙara ta haura har ƙarshe daidai lokacin da aka buɗe wuta. Baffa Sani, mai kukan ciwon gwiwa kullum, ya tsallake katanga ko taɓa ta bai yi ba. Akuyarmu ta kwana biyu ba ta kalli dusa ba. Na yi dariya har na kwanta.

Da aka nutsu, sai aka ga babu Safiya, 'yar ƙanwar mahaifiyata mai shekara biyar. Ita da mahaifiyarta ba su daɗe da dawowa wurinmu daga wajen Shinaka ba, bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu. A bayan randa Kaka ta same ta, ta rungume takalmanta, ta toshe bakinta da hannu. Ba ta yi kuka ba. Haka aka koya mata.

Tun daga ranar, da an kira magariba Kaka za ta sa a kashe talabijin, ta zauna a kan rimot da gangan har a yi isha'i. Na yi roƙo, na yi alkawarin goro, na rantse mata jinin nan na fim tumatir ne.

Ta ce, "Angona, kai ka san tumatur na. Ita mi tas sani?"

Yau tashoshin talabijin ba su daina harbi a lokacin tuwo ba, kuma yaƙin ya shiga waya, kowa da nasa a aljihu. Da tana nan, na tabbata da ta tattara wayoyin gidan duka ta zauna a kansu kamar kaza kan ƙwai. Ni har gobe ina son finafinan. Amma a yankinmu ƙarar bindiga ba wasa ba ce, kuma babu abin da zai ragu ga masu tasha idan suka jira yara suka yi barci.

Kaka ba ta bar mini gona ba, wannan zama nata kawai na gada. Shekaranjiya dai Baffa Sani ya yi ta ɗaga matasai bayan magariba, Safiya na gefena tana cin tuwonta hankali kwance.

"Kai Bashiru, ina rimot?"

"Ban gane shi ba, Baffa."

"Tashi in gani."

Na ce masa ciwon gwiwa nake yi.