Ruwan da Muka Yi Maka Wanka da Shi

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, bayan azahar, Allah Ya karɓi ranka, ƙanena. Na daɗe ina riƙe da mutanen unguwar nan a zuciya saboda kai, kuma cikar da suka yi a jana'izarka ba ta sa na huce ba.

Malam Tururi suke kiranka, ba don girmamawa ba, sai don tukunyar da kake shiga aji da ita. Ka zuba gishiri a ruwa, ka juya har ya ɓace, ka tambayi ɗalibai, "Ina ya tafi?" Sai ka tafasa ruwan, ka tare tururin da faranti, ka ba su ɗigon su lasa, su ji salam. Gishirin yana gindin tukunya, fari fat. "Haka rana take ɗaga ruwa ya zama girgije," kake cewa. "Da tsabtarsa yake saukowa. Abin da ya tarar a ƙasa shi yake kwasa."

Da masu gyaran batir suka fara zubar da ruwan batir a bayan rijiyarmu, ka bi gida-gida kana roƙon a hana. Mai unguwa ya ɗebo ruwan rijiyar kofi guda ya ɗaga a rana. "Malam, dubi, garau yake. Ko tukunyarka ce ta ba ka labari?" Aka kwashe da dariya. Tun ranar ba ka ƙara kai ruwan rijiyar bakinka ba. Kullum ka tura keke zuwa famfon makaranta ka ciko jarka biyu, ɗaya ta gidanka, ɗaya ta duk gidan da aka yi haihuwa.

Ranar da ka rasu, famfon a bushe yake. Rana na neman faɗuwa, jama'a na jira. Ni da na fi kowa takardun makaranta a layin nan, ina tsaye aka zura guga a rijiyar, kuma da ruwanta muka yi maka wanka.

Da muka dawo daga maƙabarta, matarka ta yi magana daga bayan labule: "Yaya, wane ruwa kuka samu?" Na sunkuya ina kallon takalmina.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya shayar da kai ruwan Alkausara. Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙurin rashinka, mu kuma Ya yafe mana.

Jiya an yi haihuwa a gidan tela. Babu wanda ya kai jarka.