Ruwa a tankin motar Kawu

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka sake karɓe mulki a Yamai, kawuna ya dawo Filingue da wata tsohuwar mota ja. Tsohon soji ne, ya saye ta a hannun wani nasara mai komawa ƙasarsu. Kujera biyu ce kawai, ba rufi, cikinta dab da ƙasa kamar damo. Ko buhun gero ɗaya ba ta ɗauka. Amma Kawu yana son ta kamar ransa. Da yake na iya tuƙi, sai ya ce in bar gonata wannan damina, in riƙa kai shi Baleyara ranar kasuwa. Ni kuwa son a gan ni cikin jar mota ya sa na amsa tun bai rufe baki ba.

Ba a daɗe ba ta fara tari. Za ta tashi lafiya, mu bar gari, sai ta shiga fizga, ta yi atishawa, ta mutu a tsakiyar hanya. Na kira abokina makanike. Karbiratar biyu gare ta. Ya kwance su, ya zuba abin da ke cikin ɗan kwanon da esansi, wato fetur, yake taruwa a tafin hannunsa, ya ce, "Duba nan. Ruwa ne kwance a ƙasa." Ya hura ƙananan ramukan da baki, ya canja buji, wato fulogi, muka wanke tanki. Ta yi tafiya sumul. Kasuwa ta zagayo, sai ga ruwa kuma.

Karo na uku Kawu ya tsayar da ni a gaban majalisarsa. "Kai, ɗan ƙanwata, mi na yi maka? Kana zuƙe esansi ka sayar, ka cika mini da ruwan rijiya!"

Na ce, "Kawu, wallahi ban taɓa ba."

"To ni ne nake zubawa?"

Mutane suka yi dariya. Ya sa aka ƙera wa murfin tankin kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu, ya ce kada in ƙara taɓa motarsa. Har mai sayar da esansi a kwalba ya riƙa tsokana ta: "Direba, yau nawa ka kawo mini?" Mahaifiyata ta daina zuwa gidan yayanta don kunya.

Wata safiyar kasuwa na je gaida kakata, wadda ta haifi Kawu, don a gidansa take. Na tarar da ita bakin motar da ƙwarya a hannu, tana jan kwaɗon tana mita.

Ta ce, "Yauwa, mijin banza, zo nan. Wane marar tausayi ya ɗaure mata baki? Ta ina za ta sha?"

"Ta sha mi, Kaka?"

"Rubutu mana. Malam yake yi mini kowace kasuwa. Kawunka ya sha rabi, ita ta sha rabi. Abin da ke gudu haka ba rufi, a bar shi ba tsari?"

Na kira Kawu, na ce ta maimaita. Ta maimaita, har da ƙarin cewa shi ya sa ba mu taɓa faɗuwa ba. Kawu ya kalli ƙasa. Ina jira ya ce mini yi haƙuri. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Inna ce. Kada maganar nan ta fita daga gidan nan."

Kaka ban taɓa jin haushinta ba, don ƙauna ta yi. Kawu ne har yau idan na tuna raina yake ɓaci. A gaban jama'a ya kira ni ɓarawo, amma gaskiyar sai ya rufe ta a tsakar gida, ya kuma ɗora mini nauyin yin shiru. Na yi shirun don girman tsohuwa. Sai bayan dukansu sun rasu, Allah ya jiƙansu, nake faɗa.

Abin da aka rasa: karbiratar biyu da tsatsa ta cinye, tanki ɗaya, geron damina guda da ban shuka ba, da sunana a kasuwar Filingue.