Godiyar Ciwon da Bai Tafi Ba

Da zafi ya fara, a tsakiyar kai, daidai inda ake ɗora gammo. Ba ciwon kai ba ne, na san ciwon kai. Wannan kamar an kifa mini murfin tukunyar da aka sauke daga wuta ne aka manta da shi. Bayan wata biyu sai tafiya ta biyo baya. Wani abu zai taso daga bayan wuyana, ya bi ƙarƙashin fata zuwa kafaɗa, ya gangara hannu, ya tsaya, ya juyo. In ajiye almakashi in duba, ba kiyashi, ba ƙurji. Ɗinki nake yi a lokacin, a wani ɗan shago a Kakuri, jikin katangar masaƙar da ta mutu, inda babana ya yi aiki har ya yi furfura.

A layinmu duk ciwon da bai karya ƙashi ba, maleriya ce da taifod. Mai kemis ɗinmu bai taɓa ganin jinin da babu taifod a ciki ba. Ko zoɓo ka kai masa a kwalba sai ya gano ta. Sau huɗu yana yi mini ƙarin ruwa a kan bencinsa, ina kwance ina kallon kalanda. Surukata ta aiko da sassaƙe daga ƙauye. Matan zumunta na cocinmu suka zo suka shafe ni da man zaitun, wata a cikinsu ta ja ni gefe ta ce jifa ne, in lura da masu kawo mini ɗinki. Na sha, na shafa, na ce amin. Abin yana nan yana tafiyarsa.

Da farko tsoro nake ji. Ina cikin keke gabana zai yanke ya faɗi, zuciyata ta yi ta dukan uku-uku, in tabbata yau zan mutu a tsakanin baƙi. Sai in ce wa mai keke ya sauke ni, in ƙarasa da ƙafa. Daga baya tsoron ya gaji ya tafi, kuma ba abin da ya zo a madadinsa. Wannan ya fi muni, amma ba wanda ya lura, don mai shiru ba ta damun kowa. Abinci ya daina ɗanɗano. 'Yata ta kawo sakamakon jarrabawa, ita ce ta ɗaya a aji, na ce mata madalla kamar an gaya mini gawayi ya iso kasuwa. Ta tsaya tana jiran saura. Babu saura. A coci bakina yana motsi tare da na sauran mawaƙa, iyakar abin ke nan.

Mijina direba ne a wani ofis a ƙetaren kogi. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son abin da ba shi da suna. In mota ta yi ƙara, sai ya san wane ƙarfe ne. Shi ya kai ni babban asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji da na kai, aka manna mini wayoyi a ƙirji. Ranar karɓar sakamako likitar, wata 'yar siririya mai tabarau, ta jera takardun ta ce, "Madam, komai lafiya lau. Babu komai a nan."

Mijina ya sauke wata ajiyar zuciya, ya miƙe yana laluben waya. Likitar kuwa ba ta gama ba. Ta tambaye ni yaushe rabona da in ji daɗin wani abu. Na yi ta nema ban samu ba. Ta ce damuwa tana shiga jiki ta yi zafi, ta yi tafiya, ba ƙarya nake yi ba, kuma akwai magani, sai dai likitan ƙwaƙwalwa zan gani. Lokacin mijina yana bakin ƙofa. Kafin mu haye gada ya kira mamarsa, ya kira Fasto, ya kira shugabar zumunta. "Sun ce babu komai! Allah ya yi shi!"

Aka sa ranar godiya, Lahadi ta biyu.

Na san abin da godiya take nufi a wurinmu. Wanda ya yi jinya ya tashi, danginsa su yi anko, su rako shi da rawa har gaban bagade da doya da kaza, a ba shi makirfo ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. Daga nan magana ta rufe. In ka dawo bayan godiya ka ce kanka yana zafi, ko dai ba ka da bangaskiya, ko kana kiran abin da Allah ya kora da bakinka. Ita kuwa wadda aka yi wa godiya aka kuma gan ta a layin likitan ƙwaƙwalwa, sai a ce matar wane ta taɓu. Kwana goma nake da su in buɗe baki in ce ban warke ba. Ban buɗe ba. Ba kunya ba ce ta hana ni, ƙarfin haɗa maganar ne babu. Ni na ɗinka ankon ma da hannuna, atamfa ruwan ganye, har da na surukata da ta iso tun ranar Alhamis da buhun acca.

Ranar Lahadi matan zumunta suka ɗauki waƙa, ana buga tulu da caki, muka taso daga ƙofar baya. Surukata tana gaba tana guɗa. Mijina yana gefena da zakara a hammata, yana rawar da ban taɓa ganin ya yi ba ko ranar aurenmu. Ƙafafuna sun san rawar, na bar su suka yi. Mutane suna miƙo hannu daga kujeru suna taɓa ni. Abin kuma ya taso daga wuya ya nufi kafaɗa, a hankali, kamar kullum. Na ƙirga fanka shida a silin, ɗaya ba ta juyawa.

Fasto ya miƙo mini makirfo. "'Yar'uwa, gaya wa jama'ar Allah."

Na ce, "Na gode wa Ubangiji. Na gode wa mijina da iyayena mata. An gwada ni duka, ba a ga komai ba."

Coci ya ɗauka da Halleluya. Mai ganga bai jira ba, ya saki hannu. A cikin wannan ƙarar na ce, "Amma yana nan. Yanzu ma yana nan." Fasto ya riga ya karɓe makirfo yana ɗaga hannu sama. Na ɗauka ba wanda ya ji. Na juya sai na ga mijina ya daina rawa. Yana tsaye da zakaransa yana kallona, mutane suna ture shi suna wucewa da baikon da za su ajiye a gaban bagade.

A gida an kafa rumfa, an dafa shinkafa da gwaten acca. Na gaisa da kowa. Duk wadda ta ce, "Kin ga ikon Allah ko?" in ce na gani. Da la'asar na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da ɗankwalina a kai. Ban yi kuka ba. Na so in yi, babu.

Mijina ya shigo ya tura ƙofa. Ya daɗe a tsaye. A waje wata tana neman murfin kula.

"Mami," ya ce, "a ina yake yanzu?"

Shekara guda da rabi ana gaya mini sunan ciwona da maganinsa. Ba wanda ya taɓa tambayata inda yake. Na nuna masa bayan wuyana. Ya zauna, ya ɗora tafin hannunsa a wurin, hannu mai kaushi, yana ƙanshin albasa. Ya kasa kunne kamar yana sauraren inji.

"Ban ji komai ba," ya ce.

"Na sani."

"Ya matsa?"

"Ya kai kafaɗa."

Ya matsar da hannun zuwa kafaɗa. Mamarsa ta buga ƙofa, ta ce Fasto zai tafi, a fito da mai godiya a yi hoto. Na fara gyara ɗankwali zan tashi, ya danne kafaɗar.

"Mama, ku yi babu ita," ya ce da ƙarfi, yadda 'yan rumfa za su ji. "Ba ta da lafiya."