Rubutun Bayan Takardun Jarrabawa

Malam Zarra ɗalibai suke ce masa, har sunan ya bi shi gida, matarsa ma in ta ji haushinsa da shi take kiransa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da fiziks a jami'a, a ofis ɗaya mai fanka mai kuka, bai taɓa zama shugaban sashe ba, bai kuma nema ba. Abokan aikinsa suka gina gidaje, shi kuwa yana nan yana fama da tambaya guda: me zai rage idan aka yi ta tsaga abu har ya ƙi tsaguwa?

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta haddace amsar tun tana firamare, domin a bakin kwanon abinci yake yi musu lacca. Masanan Girka na dā, in ji shi, gida biyu suka rabu. Wasu suka ce duniya ƙwayoyi ce masu tauri da ke yawo a sarari, wasu suka ce a'a, asalin komai siffa ce da lissafi. Shi yana bayan na biyun. A ganinsa ƙwayar zarra ba tsakuwa ba ce. Kafin a auna ta, tana iya zama nan, tana iya zama can, awon ne ke tilasta mata tsayawa wuri ɗaya. Matarsa takan ce to ya auna abincinsa kafin ya huce.

Duk wannan ya zuba shi a littafin da ya yi shekara ashirin yana rubutawa da hannu. Sai dai mutum ne mai ƙin ɓarnar takarda, don haka a bayan tsofaffin takardun jarrabawa yake rubutu, yana cewa ai yaran ba su cika ko gaban ba, balle bayan. In ya gama ɗauri guda sai ya mayar masa da igiyarsa, ya kai sito na sashe, saboda rufin gidansa yana yoyo. Ɗauri goma sha biyu ya tara, kuma bai gaya wa kowa a wurin aiki ba, don kunyar a yi masa dariya.

Matarsa ta rasu, ya yi ritaya, ba a yi wata biyu ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun rubutun ya mutu, harshe ya yi nauyi. Ran da maganarsa ta fara fita, abin da ya fara roƙon Auta shi ne ta ɗauko masa takardun, ta buga su a kwamfuta tun yana da sauran numfashi.

Ta tarar da siton fes, an share kantoci har an shafa fenti. Mai kula da siton, dattijon da ke ƙaunar Malam ƙwarai, ya tarbe ta da fara'a, ya bayyana mata cewa sabuwar doka ce, takardar da ta wuce shekara biyar ƙona ta ake yi, kuma makon jiya ya ƙone su a bayan ɗakin gwaji. Bai yi sakaci ba, kowane ɗauri sai da ya duba shekarar da ke samansa.

"Baba, ba ka juya bayansu ba?"

"Wa ke juya takardar jarrabawa, 'yata?"

Da ta gaya masa abin da ke bayan, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ta so ta ji haushinsa, ta kasa. Baƙin ciki kawai ta ji, da tsoron komawa gida.

Ta samu mahaifinta kwance, fuskarsa na kallon bango. Ya ji takunta a bakin ƙofa, ya kuma ji ba ta ajiye komai ba.

"Auta, tsaya nan," ya ce a hankali. "Kada ki ce komai. Muddin ban dubi hannunki ba, suna nan."

Shi ya fi kowa sanin ɗaurin takarda ba ƙwayar zarra ba ne, ita ma ta san ya sani. Amma ta tsaya a bakin ƙofar kamar yadda ya ce.

Wata bakwai ya yi a kan gadon nan kafin ya cika. Kullum sai ta ɓoye hannuwanta a cikin mayafi kafin ta shiga ɗakin, shi kuma bai taɓa tambaya ba.