Iyafis Ɗin Ɗari Biyar Da Na Kai Wa Dada Mubi

Laraba: Jimeta

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na kulle ɗakina a Jimeta. Ban yi sallama da kowa ba, don ba kowa a ɗakin sai keken ɗinkin haya da tabarmata. Ni tela ne, haifaffen Mubi. Shekarar da aka yi gudu, da 'yan bindiga suka shiga garin, ni da mahaifiyata Dada muka iso Yola, ƙanena Usman, autanmu, shi kuma ya bi ta duwatsu ya faɗa Kamaru. Da gari ya lafa Dada ta koma gida, ta ce ita ba za ta mutu a ɗakin haya ba. Ni na tsaya, tunda shagona ya ƙone ƙurmus.

Ga abin da ya tashe ni. Kunnen Dada ya yi nauyi tun da daɗewa, ƙarar da ta sha ranar gudu ta ƙarasa shi. Usman yana raye, yana dakon kaya a wani ƙauyen bakin iyaka, yakan kira ni in ya sami sabis. Amma Dada ba ta yarda ba. An kara mata waya a kunne ya fi sau goma, ba ta jin komai, sai ta ce lallashinta muke yi. Ranar Litinin maƙwabciyarmu Mama Saratu, wadda ke duba ta, ta kira ni da irin Hausarta ta Mubi: “Telan gida, Dadanka ya ƙi abinci kwana uku. Ya ce Juma'a zai yi sadakan Usman.” Wato sadakar mamaci. Na san Dada. In ta yi wannan sadakar, ita ma ba za ta daɗe ba.

Ranar na nemi Usman har na same shi, na ce ya yi wa Dada magana kamar tana gabansa, na naɗi muryar a wayata. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Sifikar wayar ba ta da ƙarfi, don haka ranar Talata na shiga kasuwa neman iyafis, irin wanda ake cusawa cikin kunne.

Mai teburin ya jera mini kala uku. Na ɗari uku fari ne, kansa busasshe, yana cizon kunne, muryar Usman ta fito a ciki kamar ƙuda a gwangwani. Na ɗari takwas ja ne, shi mai tebur ya fi yabo.

“Oga, wannan akwai duma! In ka sa waƙa har ƙirjinka zai amsa.”

“Malam, ni ba rawa zan yi ba.”

Duman ma shi ya ɓata shi, ya haɗiye maganar kamar ana yi daga cikin rijiya. Na ɗari biyar baƙi ne, da 'yar roba mai laushi a kai. Ina sa shi hayaniyar kasuwa ta ja baya, sai ga Usman. Yana da wushirya, in ya ce “sannu” sai wani ɗan fito ya biyo harafin, tun yana yaro muke tsokanarsa da shi. A cikin ukun, wannan kaɗai ya fito da fiton. Na biya ban nemi ragi ba. A cikin kwalin akwai wata 'yar leda da ƙananan robobi huɗu. Mai tebur ya fara cewa wani abu a kansu, ni kuwa hankalina na Mubi, na ce kayan banza ne, na jefa kwali da leda a bola.

Jimeta zuwa Gombi

Motar haya ce mai cin mutum bakwai, kuɗin mota dubu ɗaya da ɗari biyar. Ba ta cika ba sai shida da minti ashirin. Na sami kujerar baya ta jikin taga. Mubi kilomita ɗari biyu ne ko kusa da haka, da can awa uku ta ishe mu, yanzu direba ya ce mu roƙi Allah mu shiga kafin la'asar.

Mun haye gada, mun wuce Girei bakwai saura. Ba mai magana da kowa a motar. Da, kafin a kai Song an san sunan kowa da abin da ya kai shi Yola. Yanzu kowa ya rungume jakarsa yana satar kallon na kusa da shi. Wallahi abin ya dame ni, amma ni ma haka na yi. Na zura igiyar iyafis ta cikin rigata, na fito da ita ta wuya don kar ta maƙale, na kunna Usman. Shi ne abokin hirata har Song.

A Song muka tsaya takwas da rabi. Na sha kunun gyaɗa na hamsin da ƙosai na hamsin, a tsaye, ni kaɗai a gefen mota. Shingen sojoji uku muka wuce kafin Gombi. Dokar duk ɗaya ce: fasinja su sauka tun daga nesa, su ɗaga hannu sama, su taka a ƙasa har su wuce buhunan yashi, direba ya biyo da mota a hankali. Mun shiga Gombi sha ɗaya saura kwata.

Shingen bayan Hong

Nan na tafka wautar da ta kusa kai ni lahira. Robar nan tana toshe kunne ƙam, abin da na yaba mata ke nan a kasuwa. Rana ta yi, kunu ya kwanta, gyangyaɗi ya ɗauke ni da abu a kunne. Mota ta tsaya ban ji ba. Fasinja suka fice ban ji ba. Ashe soja ya yi tsawa har sau uku.

Na buɗe ido sai ga bakin bindiga daga nesa yana kallon tagata. Na fito hannu sama, ga baƙar igiya ta leƙo daga wuyan rigata ta shige ciki. A wannan hanyar, a wannan lokacin, mutum da igiyar waya a cikin riga! Fasinja suka watse cikin gonar masara. Direba yana ihu daga can, “Tela ne! Wallahi tela ne ya ce mini!”

Aka sa na cire riga da hannu ɗaya, na ajiye wayar a kwalta, na ja da baya na durƙusa. Laifina ne, ban ga na kowa ba. Da suka ga iyafis ne, wani soja mai furfura a gemu ya matso, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan.

“Kai mahaukaci ne? Waƙa kake ji a nan?”

“Ba waƙa ba ce, ranka ya daɗe. Ƙanena ne. Uwarmu zan kai wa.”

Ya goge kan iyafis ɗin a hannun rigarsa, ya sa ɗaya a kunne, ya danna. Ya saurara kamar rabin minti, yana kallon duwatsun Hong. Sannan ya naɗe igiyar da kyau ya miƙo mini.

“Sa a jaka. Kar ka ƙara sawa sai ka ga Mama.”

Daga nan har Mararraba ba wanda ya kalle ni a motar. Matar da ke kusa da ni ta matse jikinta ta bar mini fili kamar mai ƙazwa. Kunne ba komai, baki ba komai, haka na zauna ina ƙirga gidajen da ba rufi.

Mubi

Uku saura minti ashirin muka shiga tasha. Na hau keke napep, naira saba'in, na ce ya bi ta layin shagona. Bango huɗu ne baƙi ƙirin, ciyawa ta fito a inda teburin yankana yake. Ban sauka ba. Muka haye mayo, rafin da ya ratsa garin, ruwa ya fara zuwa, mata na wanki kamar ba a taɓa yin komai a garin ba.

Na tarar da Dada a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame, ga buhun geron sadaka a jingine a bango. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe. Ba fushi ba ne. Ni ɗan fari ne, a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zura masa ido, ba ta hira da shi. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinta ba, “wannan” take ce mini. Usman kuwa har goya shi ta yi yana da shekara biyar. Na saba, amma ba zan ce bai taɓa yi mini ciwo ba.

Mama Saratu ta shigo da zaninta na zumuntar matan coci, ta zauna kusa da ita. Na fito da kaya ina ji da kaina. Na sa wa Dada a kunnen dama, ya faɗo. Na sa a hagu, ya faɗo. Na ɗan danna, ta yamutsa fuska ta ture hannuna. Ramin kunnenta ƙarami ne, robar ta yi masa girma. A kunnena na gwada, kunnen ƙato, ban taɓa tunanin nata ba. Sai a lokacin na gane abin da mai tebur yake son gaya mini: robobin da na zubar a bola, ƙanana ne da manya, don kowa ya zaɓi daidai kunnensa. Kaico! Tela guda, wanda ba ya yanka yadi sai ya auna mutum, ya yi kilomita ɗari biyu da abin da bai auna ba.

Na cire robar na gwada haka nan. Ya shiga, amma yana lilo, sautin na zurarewa waje. Dada ta girgiza kai, ta ce wa Mama Saratu, “Ku bar wahalar da kanku. Na san abin da na sani.” Ta jawo mayafi za ta kwanta. Na ji kamar in kurma ihu.

“Telan gida, kana da zare?” in ji Mama Saratu.

Tela ba ya rabuwa da zare. Ta ciro auduga kaɗan daga bakin matashi, na naɗa siririya a wuyan kowane kai, na ɗaure da zare, na bar ramin sautin a buɗe. Na auna da ido, na rage, na sake aunawa. Ya shiga daidai. Sai Mama Saratu ta kwance ɗankwalin Dada, ta sake ɗaura shi ta kan kunnuwan, ta ja shi tamau.

“Haka muke yi a gona in muna jin rediyo,” ta ce. “Ko ka sunkuya ba ya faɗuwa.”

Na ƙure ƙarar, na danna. Daƙiƙa goma, ba komai a fuskarta. Ashirin. Ni na haddace maganar, na san daidai inda zai ce “Sannu, Dada, sannu da haƙuri.” Yana zuwa wurin ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota.

“Jam,” ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. “Lafiya lau, auta. Ina ka shiga?”

Ta riƙa amsa masa har ya gama, tana ba shi labarin akuyarta da ta ɓata, shi yana nasa. Mama Saratu tana share ido da bakin zani. Da ya ƙare Dada ta ce, “Fiton nan nasa, ba mai iya yin sa. A sake.” Sau uku aka sake. Sannan ta dubi buhun geron ta ce a jiƙa mudu ɗaya, kunu take so.

Ina naɗe igiya, raina fari amma wani gefe na ƙirjina wayam, sai na ji ta ce wa Mama Saratu, tana kallon bango:

“Ce wa wannan shi ma ya yi magana a ciki. Na shekara shida ina ganin bakinsa yana motsi.”

Na zagaya bayan ɗaki, gindin dalbejiya, na riƙe waya. Me zan ce? Ban taɓa hira da ita ba. Na ce, “Dada, ni ne. Ina cin abinci. Ina samun ɗinki. Ɗakin da nake ba ya yoyo.” Sai na ƙara da cewa, “Ba kowa a can, Dada. Ina kewar gida.” Minti ɗaya bai cika ba.

Aka ɗaura mata ɗankwali, ta saurara har ƙarshe ba ta amsa ko kalma ba. Sai ta ce wa Mama Saratu, “Muryar ubansa ce sak. Yaushe ya girma haka?”

Juma'a: komawa

Kwana biyu na yi. Alhamis ta sha kunu safe da yamma, ta ci tuwo da miyar yakuwa. Na cire layina, na bar mata wayar da iyafis ɗin, na nuna wa Mama Saratu inda ake dannawa, ita za ta riƙa kai caji. Juma'a bakwai na safe na durƙusa na yi sallama, Dada ta sa mini albarka tana kallon jakata. Na kai zaure ke nan na ji Mama Saratu tana tambaya da ƙarfi, “Wanne zan sa maka, na Usman?”

“Na ƙarshen,” in ji Dada.

Ban juya ba, don kar in ba ta kunya.

Mun bar tasha takwas da kwata. A shingen bayan Hong ni na fara sauka, hannu sama, ban ga sojan mai furfura ba. Gombi sha biyu, Song ɗaya da rabi, Jimeta huɗu saura. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Mama Saratu, da sojan da ya saurara kafin ya yanke hukunci, da mai teburin da ban tsaya na ji maganarsa ba. Mai sayen iyafis kuma, don Allah kar ya zubar da 'yar ledar nan.

Na buɗe ɗaki, keke da tabarma suna inda na bar su, shiru kamar kullum, yanzu ko abin sawa a kunne ba ni da shi. Na zauna na zura zare a allura. La'asar ta yi, lokacin da Mama Saratu take dawowa daga gona ta ɗaura wa Dada ɗankwali.