Ranar da Yayana Ya Hana Ta Wucewa

Har yau Mai Fenti ake ce wa yayana, ko da yake ya yi shekaru masu yawa hannunsa bai taɓa burushi ba. Mutane haka suke, in suka liƙa maka suna, sai dai ka mutu da shi. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Auta, duk da furfurar da ta fara leƙo mini ta ƙarƙashin ɗankwali. Shago ɗaya muke. Kekena na ɗinki yana bakin ƙofa inda haske yake, teburinsa yana can ƙurya, da labule a tsakani don kada zare da ƙyalle su shige masa cikin kwamfuta. Saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a gaban idona aka yi shi.

Tun yana saurayi shi ke rubuta allunan shagunan layinmu. Ba ya awo. Sai ya tsallaka titi, ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga ƙotar burushi ya auna bangon da ita, ya dawo ya hau tsani, kuma baƙaƙen su fito a miƙe kamar an ja musu zare. Ana cikin haka injin buga tallace-tallace ya shigo gari. Abin da Yaya ke yini yana yi a kan tsani, injin ya tofo shi a kan leda kafin mai shago ya gama gaisawa. Sana'arsa ta farko ke nan ta mutu, kuma ban ga ya daɗe yana makokinta ba, don lokacin da sauran ƙarfinsa.

Ya sayar da tsanin, ya sayi tsohuwar kwamfuta da wata manhaja ta tsara shafukan intanet. Manhajar nan kamar don shi aka yi ta. In ka buɗe ta, farin fili za ka gani kamar allon da aka shafe. Ka jawo hoto da maus ka ajiye inda kake so, ka rubuta sunan shago, ka ja shi ya yi girma, ka zaɓa masa launi. Ita kuma a ƙarƙashi tana rubuta nata rubutun, wanda intanet ke ganewa, kod suke ce masa. Yaya yakan ture kujera baya, ya rufe ido ɗaya, ya matsar da suna hagu kaɗan, ya ce, "Yanzu ya zauna."

Akwai wani maɓalli a sama, in aka danna shi sai shafin ya juya ya nuna rubutun nan na ƙarƙashi. Wata rana na leƙo neman almakashina, na tarar ya danna shi bisa kuskure. Fuskar kwamfutar ta cika da baƙaƙe da alamomi kamar tururuwa ta samu sukari.

Na ce, "Yaya, wannan fa mene ne?"

Ya ce, "Baibai ɗinsa ne. Ba ruwana da shi." Ya yi maza ya mayar.

"Telan da bai san baibai ɗin rigarsa ba, ran da ta farke wa zai kai wa?"

"Ke dai ji da rigunanki, Auta. Shekarun da na yi ina fenti, kin taɓa jin na tambayi abin da suka dama a gwangwanin? Shafawa nake yi."

Na yi dariya na koma kan kekena. Da na san abin da ke tafe, da ban yi dariyar ba.

An ci moriyar abin, ba zan ɓoye ba. Ya yi wa mai kantin magani shafi, ya yi wa mai kujeru, ya yi wa masu koyar da tuƙi. Matarsa ta daina sunkuyar da kai in an tambaye ta aikin mijinta. Wanda ya fi alfahari da shi shi ne na wata ƙaramar makaranta a bayan layinmu, wadda wata tsohuwar malama ta buɗe da ta bar aikin gwamnati. Da ya gama mata shafin, daɗi ya ɗebe shi har ya zaro sauran fentinsa mai kyau, wanda ya ɓoye a ƙarƙashin gado, ya je ya rubuta adireshin shafin a katangar makarantar da shuɗi, kyauta. Ranar ce ya wanke burushinsa ya ajiye.

Sai kuma kamfanin da ya yi manhajar ya rufe. Wata safiya saƙo ya fito cewa lasisinsa zai ƙare ranar kaza, kuma da aka nemi inda za a sabunta shi, babu. Duk aikin Yaya yana cikin manhajar nan, babu wata da ke iya buɗe shi. Maƙwabcinmu mai gyaran waya ya shigo ya duba, ya ce dabara ɗaya ce. A mayar da kwanan watan kwamfutar baya, manhajar ta riƙa zaton ranar ba ta zo ba. "Amma fa, Mai Fenti, kada kwamfutar nan ta ga intanet. Ko da wasa." Bai faɗi dalili ba, Yaya kuma bai tambaya ba. Ya ɗauka don kada kamfani ya kama shi ne.

Daga nan rayuwarsa ta koma haka. Kullum da safe, kafin ya amsa gaisuwata, sai ya kunna kwamfuta ya mayar da ita wata Talata guda, ita ɗin dai, wadda ta daɗe da wucewa. In ya gama gyaran shafi, ya zuba a filasha, ya taka zuwa kafe ya ɗora a intanet. Nakan tsokane shi, "Yaya, yau ma Talata ce?" Ya ce, "A ƙuryata kullum Talata." A Talatar nan da ba ta wucewa 'yarsa ta fari ta gama makaranta. A cikinta mahaifiyarmu ta rasu. Tun da duk aikinsa kwanan wata ɗaya yake ɗauka, ya kasa gane sabo da tsoho, sai ya koma sa musu suna: sabo, sabo na gaske, sabo na ƙarshe, na ƙarshen ƙarshe.

Shi ya tsayar da ranarsa, amma a waje kwanaki tafiya suke yi. Mutane suka bar kwamfuta suka koma waya. Shafukan Yaya kuwa kamar allo yake yin su, komai ya kafe shi da ƙusa a inda ya ga ya zauna, daidai faɗin fuskar kwamfutarsa. A waya sai su cukurkuɗe. Mai kantin magani ya zo ya nuna masa, hoton kantin ya hau kan lambar waya ya zauna.

Yaya ya ce, "Ai a kwamfuta za ka buɗe, ka ga yadda yake."

Mutumin ya ce, "Mai Fenti, wa ka gani da kwamfuta a aljihu?"

Kada a ce bai gwada ba. Na matsa masa, na ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, har ya je kafe ya zauna gaban sababbin manhajojin. Ya dawo ransa a ɓace. Ya ce su ke zaɓa maka inda komai zai zauna, in ka ja suna hagu kaɗan sai ya yi tsalle ya koma. "Ba sa jin magana, Auta. Wannan ba tsari ba ne, jera akwati ne." Ya ce tsohuwar zuma da ita ake magani. Ni kuma haushi ya sa na ce ai sai da marar lafiya ake maganin, kuma marasa lafiyarsa sun watse. Na faɗa, kuma gaskiya ce. Ɗaya bayan ɗaya masu ba shi aiki suka janye, ba faɗa, ba sallama, har ya rage saura makarantar.

Malama ta zo da kanta. Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ta ce iyayen yara suna ta ƙorafi, ba sa iya karanta komai a waya. Ta ce ta kare shi iya karewa, amma in ba a gyara kafin a dawo daga hutu ba, dole ta ba wani. Ta faɗa a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Da ta tafi, Yaya ya ɗaga labule ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Auta, in makarantar nan ta tafi, me zan ce ina yi in na fito daga gida da safe?"

Na taka keke don kada ya ga fuskata, saboda tausayinsa ya kama ni, kuma Yaya ya fi ƙin tausayi a kan zagi.

A cikin manhajar akwai wani wuri da ya daɗe yana gani, inda aka rubuta cewa ana iya sauko da wani ƙari da ke daidaita shafi da fuskar waya. Sai dai ta cikin manhajar ake sauko da shi, wato sai kwamfutar ta ga intanet. Ya kwana biyu yana juya abin. Daga baya ya ce mini, "Kamfanin ya mutu ya ruɓe. Wa ya rage da zai kama ni?" Ni tela ce, me na sani? Na ce ya bari mai gyaran waya ya buɗe shago ya tambaye shi. Ya ce shi ba yaro ba ne da zai nemi izini a kan kayansa.

Da hantsi ne, ina kalmasa bakin wani zane. Ya mayar da ranarsa Talata kamar kullum, ya haɗa wayarsa da kwamfutar. Na ji ƙarar maus sau biyu, sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na ajiye ɗinkin na ɗaga labule. A ƙasan fuskar kwamfutar, inda na saba ganin Talatarsa, ranar gaskiya ce ta fito, da watanta da shekararta. Ashe kwamfuta in ta ga intanet, abin da take fara yi shi ne ta tambayi ƙarfe nawa, ta gyara agogonta da kanta. A tsakiya kuma ga wani ɗan akwati mai ruwan toka yana cewa lasisi ya ƙare. Ƙarin da ya je nema ma babu shi, ya tafi tare da kamfanin.

Ya zare wayar, ya mayar da Talata. Akwatin bai motsa ba. Ya mayar da wata shekarar da ta gabace ta. Haka dai. Da mai gyaran waya ya zo, ya dafe kai ya ce, "Ba kamfani nake gudar maka ba, Mai Fenti, agogo nake gudar maka. Ta riga ta ga yau, ta rubuta a cikinta. Ba ta mantawa." Ya gwada sake ɗora ta daga faifanta, ta ce sai kamfani ya tabbatar. Garin gyaran gira an rasa ido.

Abin da ya rage masa shi ne shafukan da ke cikin filasha, kuma ba a buɗe su a gyara sai ta baibai. Na ga yayana ya sa tabarau ya zauna gaban tururuwar nan da ya ƙi kallo duk tsawon shekarun. Yana bi da yatsa, leɓensa na motsi. Ya sha wuya kafin ya gano sunan makarantar a tsakiyar alamomi, ya yi murna kamar ya ga ɗan'uwa a baƙon gari. Ya taɓa wani abu kusa da shi, shafin gaba ɗaya ya rushe, hotuna suka zubo ƙasa. Wani da ya san aikin ya duba masa, ya ce manhajar ta dagula rubutun kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, gara a sake sabo. Sauran shafukansa suna nan a intanet har yanzu, da lambobin da ba sa shiga da shagunan da suka tashi, kuma ko ɗigo ba ya iya canzawa a cikinsu.

Shi ya je ya gaya wa Malama, bai jira ta zo ba. Ta ba wani aikin, aka yi sabon shafi da sabon adireshi. Bayan an koma makaranta ta aiko a kira shi. Ta ce adireshin da ke katanga ya zama tsoho, yana ɓatar da iyaye, ko zai shafe ya rubuta sabon? Na san don ta taimake shi ta yi. Na ce kada ya je. Ya ce, "Aiki ne, Auta." Ya zaro burushinsa daga ƙarƙashin gado, ya aro tsani.

Na rufe shago na bi shi, don na san ya daɗe rabonsa da hawa tsani. Ya shafe shuɗin rubutunsa da farin fenti, ya jira ya bushe. Baƙaƙen suka sake fitowa ta ƙarƙashi, a miƙe, ana karanta su sarai. Ya ƙara shafawa, suka ƙara fitowa. Fentin da ya yi su da shi na da ne, mai kyau, ba irin na yanzu ba. Ya sauko, ya tsallaka titi, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallon katangar.

Malama ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Mai Fenti, har yanzu fa ana ganin na da."

Ya ce, "Ana gani, Malama. Zan ƙara masa."

Ya miƙo mini gwangwanin in riƙe, ya sake hawa.